Rage Haske da Sarrafa Fitilun LED a Gida: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Saya

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kwana da fitilar ƙwai ya san wata al'ada da ake yi bayan sallar isha'i. Uwargida kan murɗa lagwani ya yi ƙasa, har hasken ya koma ɗan ja-ja, wanda zai isa a ga hanya idan yaro ya yi kuka, amma ba zai hana kowa barci ba. Dalilin yin haka biyu ne, wato tattalin kananzir da kuma neman barci mai daɗi. Da wutar lantarki ta shigo gidaje sai wannan dabara ta ɓace, domin makunnin bango abu biyu kawai ya sani, ko kunnawa ko kashewa. Ɗaki ko dai ya yi haske fayau kamar tsakar rana, ko kuma ya yi duhu ƙirin.

A yau ƙwayayen fitila na LED sun mamaye kasuwa, kuma tare da su an samu na'urori iri-iri na rage haske, da na kunnawa da kashewa ba tare da sa hannun mutum ba. Sai dai magidanta da yawa sun sayi irin waɗannan na'urori sun kai gida, suka ga fitila tana kyaftawa, ko makunni yana ƙugi, ko ƙwai ya mutu cikin 'yan makonni. Sau da yawa laifin ba na na'urar ba ne, haɗin ne bai dace ba. Wannan maƙala za ta bayyana yadda abubuwan suke aiki, da abin da ido da jikin ɗan Adam suke bukata daga haske, sannan da yadda za a yi zaɓin da ba za a yi da-na-sani ba.

Yadda Ƙwan LED Ya Bambanta da Na Da

Tsohon ƙwan lantarki yana ba da haske ne ta hanyar ɗumama wani siririn zaren ƙarfe har ya yi fari. Mafi yawan wutar da yake ci tana tafiya ne a zafi, abin da ke zama haske bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Ƙwai mai wat 60 na wannan iri yana ba da haske kimanin lumen 800, kuma yakan yi aiki na sa'o'i kamar 1,000. Lumen shi ne ma'aunin yawan hasken da fitila ke fitarwa, shi kuwa wat ma'aunin wutar da take ci ne.

LED ba ya ɗumama zare. Wani ɗan ƙanƙanen sinadari ne mai kama da wanda ake yin kayan cikin rediyo da kwamfuta da shi, wanda ke fitar da haske idan wuta ta bi ta cikinsa. Nick Holonyak ya samar da ja a Amurka a 1962, amma an daɗe ana neman shuɗi mai ƙarfi, har sai farkon shekarun 1990, lokacin da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka cim ma hakan a Japan. Wannan aiki ya sa aka ba su lambar Nobel ta kimiyyar fiziya a 2014. Farin hasken da ake gani a gidaje yau, asalinsa shuɗi ne: ana shafa wa shuɗin LED wani sinadari ruwan ɗorawa, wanda ke juya wani sashe na shuɗin zuwa wasu launuka, haɗuwarsu ta ba da fari. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan batu, domin za a komo gare shi. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da lumen 800 ɗin nan, kuma mai kyau yakan kai sa'o'i 15,000 zuwa 25,000.

Muhimmin bambancin da ya shafi rage haske yana cikin gindin ƙwan. Wutar da ake kawowa gidaje a Nijeriya da Nijar tana da ƙarfin bolt 220 zuwa 230, kuma mai kai-da-komo ce, tana zagayawa sau 50 a kowane sakan. Shi kuwa LED wuta kaɗan yake so, mai tafiya gefe guda. Saboda haka a cikin kowane ƙwai akwai wata 'yar na'ura, wadda masu gyaran wuta ke kira direba, aikinta shi ne ta karɓi wutar gida ta daidaita ta. Ke nan wanda ya murɗa makunnin rage haske ba da fitilar yake magana kai tsaye ba, da direban yake magana. Idan direban bai san yaren ba, sai rigima ta tashi.

Hanyoyin Rage Haske

Hanya ta farko ita ce maragin haske na bango, wanda ake sawa a gurbin makunni. Wani injiniya Ba'amurke, Joel Spira, shi ya ƙirƙiro irin na gidaje a 1959. Aikinsa shi ne yanke wani sashe na kowane kai da kowane komo na wutar, wato sau 100 a sakan. Iri biyu ne. Tsohon iri yana yanke farkon zangon, sannan ya saki wutar gaba ɗaya a lokaci guda. A jikinsa akan ga haruffan R da L. Sabon iri yana barin wutar ta taso a hankali, sannan ya yanke ƙarshen zangon. A jikinsa akan ga R da C. Zaren ƙarfe na tsohon ƙwai bai damu da kowanne ba. Amma direban LED ya fi jituwa da iri na biyu, domin bugun da iri na farko ke yi sau 100 a sakan shi ne ke jawo ƙugi da ɗumamar kayan ciki.

Akwai sharuɗɗa uku da dole a cika. Na farko, sai ƙwan ya zama wanda aka ƙera don a rage haskensa, kuma akan rubuta kalmar Ingilishi "dimmable" a kwalinsa. Wanda ba a rubuta ba, a ɗauka ba ya raguwa. Na biyu, kowane maragi yana da mafi ƙarancin nauyin da zai iya aiki da shi. Tsofaffi da yawa suna bukatar aƙalla wat 40, alhali ƙwayayen LED uku masu wat 9 jimlarsu wat 27 ce kacal. Sakamakon haka shi ne kyaftawa ko mutuwar haske idan an yi ƙasa da shi. Na uku, akwai mafi yawan nauyi. Maragin da aka rubuta wa wat 400 don tsofaffin ƙwayaye ba zai ɗauki LED na wat 400 ba, saboda direba yana zuƙar wuta mai yawa a daidai lokacin kunnawa. Sai a nemi adadin da kamfani ya rubuta musamman don LED. Idan babu, ƙa'idar da masu sana'a ke bi ita ce kada a wuce kashi ɗaya cikin goma na adadin da ke jiki.

Hanya ta biyu ita ce ta fitilu masu aiki da wutar batir ta bolt 12 ko 24, irin dogayen zirin LED da fitilun ƙananan na'urorin sola. A nan ana kunna hasken ana kashewa ne da sauri ƙwarai, ɗaruruwa ko dubban lokuta a sakan. Idan lokacin kunnawa ya yi daidai da na kashewa, sai a samu rabin haske. Wannan hanya ba ta dogara da tsabtar wutar gari ba, shi ya sa ta fi kwanciyar hankali ga mai sola.

Hanya ta uku ita ce ƙwan da maraginsa ke cikinsa. Wani ana sarrafa shi da ɗan rimot, wani da wayar hannu ta hanyar Bluetooth ko Wi-Fi ko Zigbee. Akwai kuma mai sauƙi, wanda idan an kashe makunni an sake kunnawa nan take yake sauka daga mataki zuwa mataki, galibi matakai uku. Duk waɗannan ba a haɗa su da maragin bango, makunni na yau da kullum suke so.

Abin da Ido Yake Gani

A bangon bayan ido akwai wani tantani mai suna ratina, inda ƙwayoyin halitta masu karɓar haske suke. Iri biyu aka fi sani: masu siffar tsinke, waɗanda ke aiki a duhu-duhu, da masu siffar mazurari, waɗanda ke rarrabe launi da rana. Da taimakonsu mutum yana iya gani a farin wata, wanda haskensa bai kai luks 1 ba, yana kuma iya gani a tsakar rana, wadda ke kai luks 100,000. Luks shi ne ma'aunin hasken da ke sauka a kan wuri. Karatu da ɗinki suna son luks 300 zuwa 500, amma tafiya daga ɗaki zuwa banɗaki da dare ba ta bukatar ko kashi ɗaya cikin goma na wannan.

Ido ba ya auna haske kamar yadda mita take aunawa. Idan aka rage haske zuwa kashi 25 cikin 100, ido yana ganin kamar rabi aka rage. Idan aka kai shi kashi 10, ido na ganin kusan kashi 32 ne. Sai an sauko zuwa kashi 1 sannan ido zai ce an kai kashi 10. Darussa biyu ke cikin wannan. Na farko, ana iya rage cin wuta da yawa ba tare da ɗaki ya yi duhu ba, musamman da yake cin wutar LED yana sauka kusan daidai da saukar haskensa. Na biyu, ƙwan da aka rubuta cewa yana sauka zuwa kashi 10 ya isa falo, amma zai yi wa ɗakin kwana yawa. Can ana son mai sauka zuwa kashi 5 ko kashi 1.

Haka kuma shekaru suna da tasiri. Yayin da mutum ke manyanta, ƙofar baƙin idonsa tana ƙanƙancewa, madubin cikin ido kuma yana dusashewa, har ta kai hasken da ke isa ratinar ɗan shekara 60 bai wuce kamar sulusin wanda ke isa ta ɗan shekara 20 ba. Hasken da ya ishi jika ba zai ishi kaka ba. Bugu da ƙari, ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, amma haske mai ƙarfi yana rushe wannan sabo cikin ɗan lokaci. Dattijon da ya tashi alwalar asuba ya kunna fitila mai ƙarfi, sannan ya fito tsakar gida mai duhu, yana tafiya ne kusan a makance na ɗan lokaci, kuma a irin wannan hali ake faɗuwa a karye ƙugu.

Haske da Agogon Jiki

A 1998 masana sun gano wani sinadari mai jin haske a fatar kwaɗo, suka sa masa suna melanofsin. A 2002 aka tabbatar da cewa a cikin ratinar dabbobi masu shayarwa akwai ƙwayoyi na uku masu ɗauke da shi, waɗanda babban aikinsu ba gani ba ne. Aikinsu shi ne su sanar da wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa cewa rana ce ko dare, shi kuma wannan sashe shi ne agogon jiki. Da duhu ya yi, agogon yakan umarci wani ɗan ƙullutu mai suna finiyal ya saki sinadarin melatonin cikin jini, wanda ke shirya jiki don barci. Lambar Nobel ta likitanci ta 2017 an bayar da ita ne ga Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, saboda bayyana yadda irin wannan agogo ke aiki a cikin ƙwayoyin halitta.

Abin lura shi ne, melanofsin ya fi jin shuɗin haske. An riga an ambata cewa farin LED asalinsa shuɗi ne, sai dai yawan shuɗin da ke tsira ya danganta da irin ƙwan. A kwali akan rubuta lamba da harafin K. Mai 6500K fari ne tas mai ɗan shuɗi-shuɗi, kuma shi aka fi samu a kasuwannin Arewa. Mai 2700K ko 3000K yana da launin ruwan ɗorawa irin na tsohon ƙwai, shuɗinsa kaɗan ne. Hasken kyandir bai kai 2000K ba. Iyalin da ke zama ƙarƙashin farin haske mai ƙarfi har ƙarfe 11 na dare suna gaya wa agogon jikinsu cewa hantsi ne. Melatonin yakan jinkirta, barci ya yi wuyar zuwa, tashin asuba ya yi nauyi, yara kuma su yi ta gyangyaɗi a aji. A 2022 wani rukuni na masana barci da haske ya fitar da shawara cewa, a ma'aunin da ke lissafa hasken da agogon jiki ke ji, mutum ya samu aƙalla luks 250 da rana, kada ya wuce luks 10 a sa'o'i uku kafin kwanciya, kada kuma ya wuce luks 1 a ɗakin da yake barci.

Tsohon ƙwai idan an rage shi yakan koma ja-ja da kansa, kamar lagwani. LED na yau da kullum ba ya yin haka. Mai 6500K idan an rage shi sai ya koma toka-toka marar daɗin gani. Don haka wanda zai sa maragi a ɗakin kwana ko falo ya fara da zaɓen ƙwai mai 2700K ko 3000K.

Sai batun kyaftawa. Ƙwai marar inganci, ko haɗin da bai dace ba, yana sa haske ya riƙa rawa. Wadda ido ke gani, wato tsakanin sau 3 zuwa 30 a sakan, tana iya tayar da farfaɗiya ga wasu masu wannan ciwo. Wadda ido ba ya gani, kamar sau 100 a sakan, tana iya jawo wa wasu ciwon kai da gajiyar ido. Ana iya gwada ƙwai a shago: a kaɗa biro da sauri a ƙarƙashinsa, idan aka ga siffar biron ta rabu kashi-kashi maimakon ta zama shafi ɗaya, to hasken yana rawa.

Na'urorin Kunnawa da Kashewa da Kansu

Ta farko ita ce na'urar jin motsi mai aiki da zafin jiki. Jikin mutum yana fitar da wani haske na zafi wanda ido ba ya gani. Na'urar tana da farin murfi mai gida-gida, wanda ke raba filin gabanta kashi-kashi. Idan abu mai ɗumi ya tsallaka daga kashi zuwa kashi sai ta kunna fitila. Daga wannan ake gane halayenta. Ta fi jin wanda ya gilma ta gabanta a kan wanda ya nufo ta kai tsaye. Ba ta ji ta bayan gilashi. Wanda ya zauna shiru yana karatu, za ta manta da shi ta kashe masa fitila. Akuya ko kyanwa na iya tayar da ita. Kuma tun da bambancin zafi take aunawa, a watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, katanga na kwana da ɗumi kusan daidai da na fatar mutum, sai nisan jinta ya ragu.

Ta biyu tana aika siginar rediyo ne ta saurari dawowarsa. Zafin gari bai dame ta ba, kuma tana jin ƙaramin motsi. Aibinta shi ne tana ji ta bayan ƙofar katako da siririn bango, kuma fankar sama ko labulen da iska ke kaɗawa na iya hana ta kashe fitila har gari ya waye.

Ta uku ita ce mai jin hasken rana, wadda ake kira fotosel. Tana kunna fitilun waje da magariba ta kashe da safe. A kafa ta inda hasken fitilar da take kunnawa ba zai dawo mata ba, in ba haka ba za ta yi ta kunnawa tana kashewa. A lokacin hunturu kuma ƙura kan rufe idonta ta zaci dare ne, don haka tana son gogewa.

Ta huɗu ita ce agogon kunna wuta. A Kano bambancin dare mafi tsawo da mafi gajarta a shekara bai wuce kamar sa'a ɗaya da rabi ba, saboda haka gyaran lokaci sau uku ko huɗu a shekara ya wadatar. Amma agogo mai juyawa da wutar gari yana tsayawa duk lokacin da aka ɗauke wuta, lissafinsa ya rikice. Sai a nemi mai ɗan batir a ciki.

Lissafi zai nuna amfanin waɗannan. A ɗauki gida mai fitilun waje huɗu, kowace wat 20, jimla wat 80. Idan an bar su dare da rana, kuma wuta ba ta yanke ba, za su ci yunit 57.6 a wata. Da fotosel, sa'o'i 12 a kullum, yunit 28.8. Da na'urorin jin motsi, idan jimlar kunnawa sa'o'i 2 ce, kuma kowace na'ura na cin rabin wat tana jira, kimanin yunit 6. A farashin Naira 225 kowane yunit da aka sa wa masu rukunin A a watan Afrilu na 2024, wannan ya kama Naira 12,960 da 6,480 da kuma kimanin 1,400. Ga mai sola abin ya fi haka muhimmanci. Batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400, amma rabi kawai ya kamata a ci idan ana son ya daɗe. Fitilun nan huɗu a dare ɗaya za su cinye 960 daga cikin 1,200, su bar fanka da firji da ragowa.

Amma ba ko'ina ake cin riba ba. Ƙwan da ake sarrafawa da waya yana cin har rabin wat ko yana kashe, wato sama da yunit 4 a shekara. Ƙwai mai wat 9 da ake kunnawa sa'a ɗaya a kullum a sito yunit 3.3 kawai yake ci a shekara. A irin wannan wuri kuɗin gadi ya fi kuɗin kaya.

Halin Wutar Gari da Janareto

Yawancin waɗannan na'urori an tsara su ne don ƙasashen da wutarsu ba ta rawa. Maragin bango yana ƙirga lokacin yanka ne daga siffar zangon wutar. Ƙaramin janareto da inbata mai araha ba sa ba da zango mai santsi, don haka maragi kan ruɗe, fitila ta yi rawa, wani lokaci na'urar ta ƙone. Mai inbata ya tabbatar tasa mai tsabtataccen zango ce kafin ya sa maragi.

Akwai kuma wani abin mamaki. Ƙwayayen da aka rubuta wa bolt 85 zuwa 265, waɗanda ake so saboda ba sa dusashewa idan wuta ta yi ƙasa, an gina direbansu ne don ya riƙe haske daidai komai raguwar wuta. Saboda haka mafi yawansu ba sa bin umarnin maragin bango. Haka nan ƙwai mai batir a ciki, wanda ke ci gaba da haske idan an ɗauke wuta, ba a haɗa shi da maragi. Regiletar fanka ma ba maragin haske ba ce, kuma maragin haske ba ya tuƙa fanka. Musanya su na iya jawo ɗumama har da gobara.

A gidaje da yawa wayar komawa, wadda ake kira nutural, ba ta zuwa akwatin makunni. Na'urorin da aka yi don irin wannan akwati suna satar 'yar wuta ta cikin ƙwan don su rayu, wannan 'yar wuta kuwa ta isa ta sa LED ya riƙa ɗan haske ko walƙiya bayan an kashe shi. Maganin shi ne a jawo nutural, ko a sa ɗan kafasito da kamfani ke bayarwa a jikin fitilar. Sannan yawancin ƙwayayen da ake sarrafawa da waya suna kamawa da cikakken haske duk lokacin da aka dawo da wuta, ko da ƙarfe biyun dare ne. Kafin a sa irinsu a ɗakin kwana, a tabbatar suna da saitin tuna halin da aka bar su.

Zafi shi ne babban abokin gabar direba. Kafasiton cikinsa rayuwarsa na raguwa da kusan rabi a kan kowane ƙarin digiri 10. Rage haske yana sanyaya ƙwai, ya tsawaita kwanansa. Kuma sabanin doguwar fitilar fulorasan, yawan kunnawa da kashewa ba ya gajiyar da LED mai inganci, shi ya sa ya dace da na'urar jin motsi.

Fitilar Waje da Ƙwari

Da farkon damina kowa ya san yadda shinge ke taruwa a fitila. Ƙwari masu tashi da dare sun fi jin shuɗin haske da wanda ke gaba da shi, don haka farin ƙwai ya fi ruwan ɗorawa tara su. Wani bincike da aka buga a 2024 ya nuna cewa ƙwari suna juya bayansu ne ga inda haske ya fi yawa, domin a daji can ne sama. Fitila kan rikita wannan, su yi ta zagaye har su gaji su faɗi. Inda ƙwari suka taru, tsaka da kwaɗi za su zo, inda kwaɗi suke kuwa maciji na iya biyowa. Fitila mai 3000K, mai murfin da ke mai da haske ƙasa, wadda ke kamawa sai an yi motsi, kuma aka kafa ta nesa kaɗan da bakin ƙofa, tana rage wannan. Sauro dai numfashi da warin jiki yake bi, canjin fitila ba zai maye gurbin gidan sauro ba.

Zaɓi Ɗaki-Ɗaki

Ƙofar gida da katanga: na'urar da ta haɗa jin motsi da jin hasken rana, mai lambar IP65 don jure ƙura da ruwa. Zaure da baranda da hanyar banɗaki: ƙaramar fitila mai wat 1 zuwa 3, ruwan ɗorawa, a kafa ta ƙasa-ƙasa, ko dai ta kwana a kunne ko ta kama da motsi. Banɗaki da sito: na'urar jin motsi, a saita jinkirinta zuwa minti 5 ko fiye. Kicin da wurin karatu: cikakken haske mai 4000K da makunni na hannu, domin ba a so fitila ta mutu ana riƙe da wuƙa ko tukunya. Falo da ɗakin kwana: ƙwai mai 2700K da maragi mai alamar R da C, idan wutar gidan tsabtatacciya ce. Idan kuwa janareto ake yawan amfani da shi, hanya mafi aminci ita ce makunni biyu, ɗaya na babbar fitila ɗaya na ƙarama, ko ƙwai mai matakai uku.

A kowane hali, ƙwayayen da ke kan maragi ɗaya su zama iri ɗaya, na kamfani ɗaya. A sayi maragi ɗaya da ƙwai ɗaya a gwada su a gida da wutar gari da ta janareto kafin a sayi na gida duka, domin gani ya kori ji. Aikin haɗawa kuma a bar wa ƙwararren mai gyaran wuta, bayan an kashe babban makunni, an kuma tabbatar inbata ba ta tura wuta a layin.

Kammalawa

Zaɓen na'urar sarrafa haske yana farawa ne da tambayoyi uku: wane aiki ake yi a wannan wuri, a wane lokaci, kuma wace irin wuta ke shigowa gidan? Amsoshinsu su ne za su nuna ko maragi ake bukata, ko na'urar jin motsi, ko kuwa ƙaramin ƙwai na biyu da makunninsa. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba ita ce dacewa ba, tun da na'ura mafi tsada a kan wutar da ba ta jitu da ita ba asara ce. Abin da ake nema shi ne wadataccen haske da rana da lokacin aiki, kaɗan mai launin ruwan ɗorawa bayan isha'i, sannan duhu a lokacin barci. Gidan da ya tsara fitilunsa a kan haka zai rage kuɗin mita, batirinsa zai kai asuba, yaransa su yi barci da wuri, dattawansa kuma su ga inda suke sa ƙafa.